Bayani: Yadda garkuwar ido ke yaƙar gyambon baƙin ido

A duk lokacin kaka, asibitocin ido da ke yankunan noma na ƙasashe masu zafi kan ga ƙaruwar mutanen da ke zuwa da ido guda ya yi ja, yana zubar da hawaye, ga kuma ɗan farin tabo a kan baƙinsa.

Galibi labarin iri ɗaya ne: ganyen dawa, ko tsinken kara, ko ƙaiƙayi ya taɓa idon kwanaki kaɗan da suka wuce, mai shi kuma bai ɗauki abin da muhimmanci ba.

A Toranke, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Ajingi da ke gabashin jihar Kano, da ma ƙauyukan ƙasar Gaya baki ɗaya, noman gero da dawa da gyaɗa da wake shi ne babbar sana'ar jama'a.

Daga girbi zuwa ɗaurin dami, da sussuka da shiƙa, kusan babu aikin da ba ya kusanto da ƙwayar ido ga wani abu mai tsini ko mai kaifi.

Mafi yawan irin waɗannan ƙananan raunuka kan warke da kansu cikin kwana ɗaya ko biyu. Wasu kuwa kan rikiɗe su zama gyambo, su bar mutum da hakiya har ƙarshen rayuwarsa.

Abin da ke raba waɗannan biyu shi ne wani faɗa da ake gwabzawa a saman ido cikin sa'o'in farko, tsakanin ƙwayoyin cuta da garkuwar da aka haifi mutum da ita. Ga bayanin yadda abin yake.

Wane ɓangare na ido ake magana a kai?

Idan mutum ya dubi idonsa a madubi zai ga fari da baƙi. A kan baƙin akwai wata 'yar fata mai garai-garai kamar gilashin agogo, wadda likitoci ke kira koniya.

Ita kanta ba ta da launi; baƙin da ake gani yana bayanta ne. Faɗinta bai wuce milimita 11 zuwa 12 ba, kaurinta kuma a tsakiya kimanin rabin milimita ne.

Duk hasken da zai shiga ido sai ya ratsa ta cikinta, kuma ita ce ke yin kimanin kashi biyu cikin uku na aikin tattara hasken domin hoto ya fito sosai.

Dalilin da ya sa take garai-garai shi ne, zaruruwan da aka gina ta da su, waɗanda ake kira kolajin, suna jere ne a tsare, kaurinsu ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu ma ɗaya. Idan wannan tsari ya wargaje, sai wurin ya yi fari.

Haka kuma koniya ba ta da jijiyoyin jini. Tana shan iskar oksijin ne kai tsaye daga iska ta hanyar hawaye, abincinta kuma daga ruwan da ke cikin ido.

Rashin jijiyoyin jinin shi ke ba ta damar wuce da haske, amma kuma yana nufin idan cuta ta shiga, agajin da jini ke kaiwa sauran sassan jiki cikin hanzari sai ya taso daga gefe, daga iyakar da ke tsakanin fari da baƙi.

Mece ce garkuwar haihuwa?

Masana sun kasa garkuwar jikin ɗan Adam gida biyu.

Akwai wadda jiki ke koya bayan ya taɓa haɗuwa da wata cuta, ko bayan allurar rigakafi. Wannan tana gane cuta takamaimai, tana kuma tuna ta, sai dai a karon farko takan ɗauki mako guda ko fiye kafin ta shirya.

Akwai kuma wadda aka haifi mutum da ita. Wannan ba ta jiran koyo. Tana fara aiki cikin mintoci ko sa'o'i, kuma tana gane alamomin da jinsunan ƙwayoyin cuta suka yi tarayya a kansu.

Ga koniya, wannan ta biyun ce ke yanke hukunci, domin wasu ƙwayoyin bakteriya, irin su Pseudomonas, na iya huda ta cikin kwanaki ƙalilan, tun kafin ɗaya garkuwar ta gama shiri.

Wani masani ɗan ƙasar Rasha, Elie Metchnikoff, shi ne ya fara bayyana yadda wasu ƙwayoyin halittar jiki ke haɗiye baƙin abubuwa, a shekarar 1882. An ba shi kyautar Nobel a 1908.

Wace rawa hawaye da ƙifta ido ke takawa?

Kariya ta farko ita ce fatar ido da gashin ido. Mutum kan ƙifta ido kamar sau 15 zuwa 20 a minti ɗaya, kuma kowace ƙiftawa tana share ƙura da ƙwayoyin cuta zuwa ƙuryar ido, inda hawaye ke gangarawa cikin hanci.

Koniya na cikin sassan jiki mafiya yawan jijiyoyin jin zafi. Ta ninka fatar jiki sau ɗaruruwa. Shi ya sa ƙwayar yashi guda ke hana mutum sakat, ta sa ido ya rufe, hawaye su kwararo nan take.

Hawaye kuwa ba ruwan gishiri ba ne kawai. Suna ɗauke da maiƙo da ke hana su saurin bushewa, da majina mai yauƙi da ke kama ƙwayoyin cuta, da kuma sinadarai masu kashe su.

Fitacce a cikinsu shi ne laisozim, wanda ke fasa bangon wasu bakteriya har su mutu. Alexander Fleming, likitan nan ɗan Birtaniya da daga baya ya gano penisilin, shi ne ya bayyana shi a 1922, ya kuma nuna cewa hawaye na ɗauke da shi da yawa.

Akwai kuma laktoferin, wanda ke ƙwace sinadarin ƙarfe, ya hana bakteriya samun abin da suke buƙata domin hayayyafa.

Wannan ne ya sa duk abin da ke busar da ido yake rage masa kariya. A lokacin hunturu, iska mai ƙura da bushewa kan sa hawaye su ƙafe da wuri, ido ya yi ta ƙaiƙayi, mutum ya yi ta murzawa da hannu.

Me ya sa ɗan ƙarce ke da haɗari?

Saman koniya na rufe da jerin ƙwayoyin halitta hawa biyar zuwa bakwai, waɗanda ke manne da juna ƙam kamar tubalin katanga.

Suna sabuntawa cikin kwana bakwai zuwa goma, kuma na sama kan sauka su tafi da duk wata ƙwayar cuta da ta maƙale musu. Suna kuma fitar da wasu ƙananan sinadarai, da ake kira difensin, masu huda jikin bakteriya.

Muddin wannan katanga na tsaye, ƙwayoyin cuta kaɗan ne ke iya ketare ta. Ɗaya daga cikinsu ita ce bakteriyar ciwon sanyi, wadda jariri kan iya ɗauka daga mahaifiyarsa wajen haihuwa, kuma takan lalata ido cikin gaggawa.

Saura kuwa sai sun sami ƙofa. Ganyen dawa ko zangarniyar gero na yin ɓarna biyu a lokaci guda: suna yage katangar, sannan su dasa ƙwayar cutar a ciki.

Tsirrai da ƙasar gona na ɗauke da nau'o'in funfuna, musamman Fusarium da Aspergillus. Wani jinsi na Aspergillus shi ne wanda ke kama gyaɗa da masara idan ba su bushe da kyau ba, ya bar musu gubar aflatoksin.

A ƙasashe masu arziki kuwa, babbar hanyar kamuwa da wannan gyambo ita ce ɗan gilashin gyaran gani da ake mannawa a kan ƙwayar ido, musamman idan ana kwana da shi ko ba a tsaftace shi.

Ta yaya ido ke gane cewa cuta ta shigo?

A jikin ƙwayoyin halittar koniya akwai wasu 'yan na'urori na halitta da ke aikin gadi. Masana na kiran mafi shahara daga cikinsu masu gadin Toll, kuma ɗan Adam na da iri goma.

Kowanne da abin da yake ganewa. Wani na gane maiƙon da ke bangon wasu bakteriya, wani na gane jelar da suke iyo da ita, wani kuma na gane ƙwayoyin gadon bairos.

Akwai kuma wani mai gadin na daban, Dektin-1, wanda ke gane sinadarin da ke bayyana a jikin funfuna da zarar ta fara tsiro.

Jules Hoffmann na Faransa ne da abokan aikinsa suka nuna a 1996 cewa ƙudan da ya rasa Toll ba ya iya kare kansa daga funfuna. A 1998 kuma Bruce Beutler na Amurka ya gano irin wannan aiki a jikin ɓeraye. Su biyun na cikin waɗanda aka bai wa kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2011.

Da zarar masu gadin sun ji alamar cuta, sai ƙwayoyin halittar su saki wasu sinadarai na kururuwa. Akwai kuma wasu fararen ƙwayoyin jini kaɗan da ke zaune a cikin koniyar, galibi ta gefe, waɗanda ke ƙara yaɗa wannan saƙo.

Saƙon na isa ga jijiyoyin jinin da ke kewaye da baƙin ido, sai su buɗe, su cika da jini. Jan da ake gani ya zagaye baƙin ido ke nan, kuma ya bambanta da jan ciwon apolo, wanda ke mamaye farin ido da cikin fatar ido.

Su wane ne ke kawo ɗauki?

Na farko da ke isowa su ne wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil. Su ne mafiya yawa a cikin fararen ƙwayoyin jinin babban mutum, fiye da rabi a mafi yawan lokuta.

Cikin sa'o'i kaɗan sukan fice daga jijiyoyin jini, su kutsa tsakanin zaruruwan koniya suna bin sawun sinadaran kururuwa, wasu kuma su biyo ta cikin hawaye.

Idan sun isa, sukan haɗiye bakteriya su narkar da su. Sukan kuma fesa sinadarai masu ƙuna, dangin ruwan bilicin da ake wanke farin kaya da shi, tare da wasu masu narkar da nama.

A 2004 masu bincike a birnin Balin na Jamus suka gano cewa nutrofil kan iya fashewa ta watsa zaruruwan cikinta kamar taru, domin ta kama ƙwayoyin cuta.

Funfuna ta fi wuyar sha'ani, domin takan miƙa saiwoyi masu tsawo da ba su haɗiyuwa. Sai dai nutrofil su yi mata taron dangi, su yi ta zuba mata guba, su kuma ƙwace mata sinadaran zink da ƙarfe da take buƙata.

Farin tabon da ake gani a kan baƙin ido a wannan mataki tarin waɗannan ƙwayoyin ne, rayayyu da matattu. Idan abin ya yi tsanani, sukan taru a cikin idon, su kwanta a ƙasan baƙin kamar farin jinjirin wata.

Idan kuwa bairos ne ya shigo, kamar wanda ke haddasa ƙurajen zazzaɓi a leɓe, jiki kan saki sinadarin intaferon, wanda ke gargaɗin ƙwayoyin halittar da ke maƙwabtaka su rufe ƙofa, wasu fararen ƙwayoyin kuma su kashe waɗanda suka riga suka kamu.

To me ya sa ake makancewa duk da wannan kariya?

Nan ne matsalar take. Makaman da nutrofil ke amfani da su ba sa bambancewa tsakanin ƙwayar cuta da naman ido.

Sinadaran da ke narkar da bakteriya suna narkar da zaruruwan kolajin ma. A fatar hannu ko ƙafa wannan ba wani abin damuwa ba ne, tabo ne kawai zai rage. A koniya kuwa, inda kaurin duka rabin milimita ne, wurin na iya sirancewa har ya huje, ruwan ido ya tsiyaye.

Ko da an ci galabar cutar, jiki kan cike ramin ne da sababbin zaruruwa marasa tsari, waɗanda haske ba ya ratsawa. Wannan ita ce hakiya.

Wani lokaci kuma jijiyoyin jini kan tsiro daga gefe su shiga cikin koniyar, su ƙara dusashe ta.

Idan hakiyar ta tsaya a gefe, mutum na iya ci gaba da gani. Idan ta faɗa tsakiya, daidai ƙofar da haske ke shiga, to ganin ya tafi ko da sauran sassan idon lafiya lau suke.

Ma'ana dai, yawan ɓarnar ya danganta ne da tsawon lokacin da aka ɗauka ana faɗan. Idan magani ya kashe ƙwayar cutar da wuri, kururuwar kan tsaya, nutrofil su daina zuwa, wasu ƙwayoyin da ake kira makrofaj su share fagen, tabon ya zama ƙarami.

Cutar makantar bakin kogi, wadda baƙin ƙuda ke yaɗawa, misali ce ta yadda garkuwa ke cutar da mai ita. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2002 ya nuna cewa bakteriyar Wolbachia da ke zaune a cikin tsutsar cutar ce ke tayar da masu gadin Toll idan tsutsar ta mutu a cikin koniya, kumburin da ke biyo baya kuma shi ke dusashe idon.

A watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta tabbatar da Jamhuriyar Nijar a matsayin ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da wannan cuta.

Waɗanne abubuwa ne ke raunana garkuwar ido?

Na farko shi ne ƙarancin sinadarin bitamin A. Idan babu shi, ƙwayoyin da ke samar da majinar hawaye kan ƙare, saman ido ya bushe ya yi kaushi. Alamar farko ita ce dundumi, wato rashin gani da zarar magariba ta yi.

Cutar ƙyanda, ko baƙon dauro, na ƙone ɗan abin da ya rage na bitamin A a jikin yaro, ta kuma danne garkuwarsa.

A 1979 wasu likitoci biyu da suka yi aiki da Jami'ar Ahmadu Bello, John Sandford-Smith da Hilton Whittle, sun wallafa wani bincike inda suka ce gyambon koniya a jikin yara masu fama da tamowa, wanda galibi ke biyo bayan ƙyanda, shi ne kan gaba wajen makantar da yara a arewacin Nijeriya a wancan lokaci.

Saboda haka ne WHO ta ba da shawarar a bai wa duk yaron da ya kamu da ƙyanda bitamin A sau biyu, da tazarar kwana ɗaya, a kuma riƙa bai wa yara 'yan wata 6 zuwa 59 lokaci-lokaci a wuraren da ake da ƙarancinsa.

Ana samun sinadarin a zogale, da alayyahu, da kabewa, da karas, da mangwaro, da gwanda, da manja, da hanta, da ƙwai.

Na biyu shi ne amosanin ido. Kamuwa da cutar a kai a kai tun daga ƙuruciya kan sa cikin fatar ido ya yi tabo ya tsuke, gashin ido ya juya ciki yana gogar koniya a kowace ƙiftawa. Abin da ya kamata ya zama kariya sai ya koma mai buɗe ƙofa.

An gudanar da binciken yaɗuwar wannan cuta a dukkan ƙananan hukumomi 44 na jihar Kano, har da Gaya da Ajingi, a ƙarƙashin wani shiri na duniya da aka yi tsakanin 2012 da 2016. Ghana ta kawar da cutar a matsayin barazana ga lafiyar jama'a a 2018, Mali da Benin kuma a 2023.

Ciwon suga ma na jinkirta warkewar rauni a koniya, ya kuma rage mata jin zafi. Haka ita ma kuturta, wadda kan kashe jijiyoyin ido har mutum ya daina ƙiftawa yadda ya kamata, ko idon ya kasa rufuwa idan yana barci.

Mene ne haɗarin maganin gida da na kemis?

A ƙauyuka da dama, abin da aka fi saurin kaiwa gare shi idan ido ya yi ja shi ne ruwan ganye, ko ruwan suga, ko nonon uwa, wasu ma har fitsari.

Likitocin ido na gargaɗi cewa waɗannan abubuwa na iya ƙona saman koniya, ko su shigar da sabuwar ƙwayar cuta ta ƙofar da ke buɗe. Ruwan ganye na iya ɗauke da funfuna, fitsari kuma na iya ɗauke da bakteriyar ciwon sanyi.

Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan ɓuya, wato maganin ɗigawa mai ɗauke da sinadarin sitiroyid, irin su dexamethasone da betamethasone, wanda ake samu a shagunan magani, sau da yawa a gauraye da maganin kashe bakteriya.

Aikin sitiroyid shi ne kashe kururuwar da aka yi bayani a baya. Ja kan ragu, zafi ya lafa, mai ciwo ya ɗauka ya sami sauƙi.

Amma idan funfuna ce ko bairos a cikin idon, an janye masu tsaro ne kawai an bar wa cutar fili. Bayan kwanaki sai gyambon ya dawo ya fi da girma da zurfi.

Ko a gyambon da bakteriya suka haddasa, wani gwaji da aka yi kan mutane 500, galibinsu a Indiya, wanda aka buga sakamakonsa a 2012, bai nuna cewa ƙara sitiroyid a kan maganin kashe bakteriya na inganta ganin majinyata gaba ɗaya ba.

Don haka likitan ido ne kaɗai, bayan ya duba ya san irin cutar, ya kamata ya yanke shawarar amfani da shi.

Yaya girman matsalar yake?

Wani nazari da aka buga a mujallar WHO a 2001 ya ƙiyasta cewa rauni da gyambon koniya na makantar da ido guda ga mutane miliyan 1.5 zuwa miliyan 2 a kowace shekara a duniya.

Wani kuma da aka wallafa a 2021 ya ce gyambon da funfuna kaɗai ke haddasawa na kama idanu fiye da miliyan 1 a shekara, mafi yawa a Asiya da Afirka, kuma kimanin ɗaya cikin goma na waɗannan idanu akan rasa su ɗungurungum.

A Nijeriya, binciken ƙasa kan makanta da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na masu shekaru 40 zuwa sama makafi ne, wato mutane fiye da miliyan 1.

Yanar ido ce ke da kashi 43 cikin ɗari na wannan adadi, hakiya iri daban-daban kuma kusan kashi 8. Binciken ya ce kashi 84 cikin ɗari na makantar abu ne da ake iya kaucewa ko warkarwa.

Sai dai wannan lissafi ya shafi waɗanda suka rasa gani a idanu biyu ne. Manomin da kara ya ci masa ido guda ba ya cikinsa, alhali kuwa daga ranar rayuwarsa ta rataya ne a kan ido ɗaya.

Me ya kamata a yi idan abu ya soki ido?

Matakin farko shi ne a wanke idon da ruwa mai tsafta da yawa, kada a murza shi, kada kuma a sa tsinke ko harshe ko bakin zane domin ciro abin da ya faɗa.

Daga nan sai a nufi asibiti mafi kusa a ranar, ba tare da jiran a ga abin da gobe za ta haifar ba.

Ma'aikacin lafiya kan ɗiga wani rini mai ruwan ɗorawa da ke nuna wurin da ya yage, sannan ya ba da maganin shafawa mai kashe bakteriya.

Wani bincike da aka yi a yankin Bhaktapur na ƙasar Nepal, aka buga a 2001, ya bi diddigin mutane 442 da suka ƙarce koniya aka ba su man chloramphenicol. Kashi 96 cikin ɗari sun warke ba tare da gyambo ba.

Babu ko ɗaya da ya yi gyambo a cikin waɗanda suka zo kafin sa'o'i 18, yayin da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka zo bayan kwana guda suka kamu.

Alamomin da ke nuna gyambo ya riga ya kama sun haɗa da zafi mai ƙaruwa, da ƙin haske, da raguwar gani, da kwantsa, da farin ɗigo a kan baƙin ido. A wannan mataki sai wurin likitan ido.

Ga mutumin Toranke, hakan na nufin a fara da cibiyar lafiya ta kusa ko babban asibitin Gaya, idan an ga alamar gyambo kuma a wuce birnin Kano ba tare da jinkiri ba.

A Kano akwai sashen ido a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, akwai kuma Asibitin Ido na ECWA da ke Sabon Gari, wanda aka buɗe tun 1943. A Kaduna kuma akwai Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa.

A can likita kan kankaro ɗan abu daga bakin gyambon a duba a na'ura, domin a san ko bakteriya ce ko funfuna, tun da maganinsu ba ɗaya ba ne.

Akan fara ɗiga maganin ne kowace sa'a, dare da rana, a kwanakin farko. Na funfuna kan ɗauki makonni.

Maganin ɗigawa na natamycin shi ne wani gwaji da aka yi a kudancin Indiya ya nuna a 2013 cewa ya fi tasiri a kan irin wannan funfuna, musamman Fusarium. WHO ta sanya shi cikin jerin muhimman magunguna a 2017.

Ana iya warkar da hakiya?

Hakiyar da ta yi kauri ba ta gushewa da maganin ɗigawa, ba kuma yana ba ce da za a cire a sa gilashi.

Hanyar da ta rage ita ce dashen koniya, inda ake yanke wurin da ya lalace a ɗinka wata da aka samo daga mamacin da ya ba da gudummawar idonsa. Likita Eduard Zirm ne ya fara yin wannan aiki cikin nasara a 1905, a garin Olomouc da ke Jamhuriyar Czech ta yanzu.

Da yake koniya ba ta da jijiyoyin jini, jiki bai cika ƙin karɓar ta ba kamar yadda yakan ƙi ƙoda ko zuciya. Amma idan gyambo ya riga ya jawo jijiyoyin jini cikinta, haɗarin ƙin karɓar kan ƙaru matuƙa.

Ga tsada, ga ƙarancin masu ba da gudummawar, ga kuma buƙatar zuwa asibiti a kai a kai na tsawon shekaru, abin da ya fi ƙarfin mafi yawan manoma.

Shi ya sa likitocin ido ke ɗora nauyi a kan rigakafi: sanya tabarau mai rufe gefe lokacin girbi da sussuka, juya wa iska baya wajen shiƙa, wanke fuskar yara kullum, kai su allurar ƙyanda a wata tara, da kuma kai duk idon da kara ya taɓa asibiti kafin rana ta faɗi.